Inji na Ruri, Bokiti na Ƙasa

Idan aka ce tarakta ta lalace a ƙasar Funtua ko Malumfashi, abin da ke fara zuwa ran mutane shi ne inji ya buga. Amma duk wanda ya saba zama a garejin masu gyaran motocin noma ya san ba nan yawan ciwon yake ba. Injin tsohuwar tarakta yana da taurin rai. Zai yi hayaƙi, ya sha mai, ya wahalar da direba da safe, amma daga ƙarshe zai tashi. Abin da ke kwantar da tarakta a tsakiyar aiki, ya bar mai ita da bashi, manoma kuma sun yi layi suna jiranta, galibi haidurolik ne, wato tsarin man da ke ɗaga garma a baya da bokiti a gaba. Sai ka ga mota tana tafiya lafiya lau, tana jan tirela, amma ta kasa raba haro da ƙasa. A watan Yuni, bayan ruwa ya zauna, irin wannan tarakta da wadda aka cire wa tayoyi aka ɗora a kan duwatsu duk ɗaya suke a wurin manomi.

Ƙasar nan ta auduga ce tun kafin ta zama ta masara. Layin dogo da ya taso daga Zariya ya ratsa Funtua ya wuce Gusau, har ya kai Ƙaura Namoda a 1929, shi ya raya garin. Kamfanin auduga na Turawa, BCGA, ya kafa injinan gurzar auduga a Funtua da Malumfashi, Daudawa kuma ta zama gonar iri. A wancan zamanin ne ma'aikatan gona na Turawa suka fara koya wa mutane huɗa da shanu. Garmar shanu ta karɓu a hankali, amma da ta zauna ta zauna ke nan, kuma ina ganin dalilin a fili yake: babu wani abu a jikinta da ya fi ƙarfin maƙerin ƙauye. In bakinta ya cinye, ranar kasuwa za a kai ta a dawo da ita. In sa ya yi ɗingishi, akwai Bafulatani a rugar bayan gari da zai ɗaga kofaton ya faɗa maka abin da ya same shi. Kayan aikin da mai gyaransa a gari ɗaya suke kwana.

A 1975 aka buɗe Shirin Raya Aikin Gona na Funtua da tallafin Bankin Duniya, tare da takwarorinsa na Gusau da Gombe. Ya haɗa gundumomin Funtua, Bakori, Malumfashi, Ƙanƙara da Faskari, a lokacin muna kallon Kaduna a matsayin hedikwata, domin sai 1987 aka ƙirƙiro Jihar Katsina. Cikin shekara biyar shirin ya sauya fuskar yankin. Aka yanka hanyoyin karkara, aka gina cibiyoyin hidimar manoma, takin zamani ya wadata cikin rahusa saboda gwamnati ce ke ɗauke mafi yawan kuɗinsa, aka kuma kawo farar masarar TZB da cibiyar IITA ta Ibadan ta samar. Masarar da a da ake shukawa a bayan gida don gasawa ta fita daji ta ture dawa da auduga a gonaki da yawa. Kasuwar Ɗandume da ake ji a yau, wadda manyan motoci ke lodi daga cikinta zuwa kudu, 'yar wannan sauyin ce. Masu hali suka buɗe manyan gonaki da shanu biyu ba za su iya gamawa kafin lokacin shuka ya wuce ba, sai buƙatar tarakta ta taso da gaske. Gwamnatin Obasanjo ta zo da shirin ciyar da ƙasa a 1976, ta Shagari ta biyo da nata a 1980, ana harhaɗa Steyr a Bauchi, ana harhaɗa Fiat a Kano, ma'aikatun gona kuma suna da sassan bayar da hayar tarakta.

Ba na cikin masu yi wa wancan zamani kirarin da bai cancanta ba. Masu bincike sun rubuta, mutanen ƙauye ma ba su manta ba, cewa manyan manoma da masu uwa a gindin murhu su suka fi cin moriyar taraktar haya, ƙaramin manomi kuwa sau da yawa sai ta iso masa bayan ciyawa ta riga ta. Amma akwai abu guda da garejin hukuma yake da shi wanda ya kamata a tuna. Tsofaffin makanikan da suka yi aiki a irin waɗannan wurare suna ba da labarin abubuwa uku da ba a rabuwa da su: geji na auna matsin mai, littafin kamfanin da ya ƙera motar, da katin da ake rubuta awannin aikin kowace tarakta da ranar da aka yi mata juyen mai. An koya musu cewa ba a kwance komai sai an auna. Wanda ya ce famfo ya mutu, sai shugaban gareji ya tambaye shi nawa gejin ya nuna.

Da tsarin tsuke bakin aljihu na SAP ya zo a 1986, darajar naira ta faɗi, kayan gyara suka yi tsada, sitocin gwamnati suka bushe. Taraktoci suka yi layi a harabobin ma'aikatu, ciyawa na fitowa ta ƙarƙashinsu, wasu don robar da ba ta kai tafin hannu ba. Daga baya aka yi gwanjon da yawa, makanikai kuma wasu suka yi ritaya, wasu suka kafa rumfa a bakin titi. Tun daga nan tarakta ta koma hannun 'yan kasuwa da manoma masu ƙarfi, kuma a nan dole a faɗi gaskiya: ta fi daɗewa a hannunsu. Wanda ya sayar da masarar shekara biyu ya sayi tarakta ba zai bar ta ta kwana cikin ruwa ba. Akwai motocin da suka girmi direbobinsu suna aiki har yau a Bakori da Ƙafur da Danja, saboda masu su ba su da wata. Aka riƙa shigo da na hannu daga Turai, sababbi kuma daga Indiya da Sin da Fakistan, inda kamfanin Millat na Lahore ke ƙera Massey Ferguson 375 mai ƙarfin doki 75, wadda kusan kowane yaron gareji a arewa zai iya gane ƙararta daga nesa.

Loda, wato hannaye biyu da bokiti a gaban tarakta, ita ce ta zo a makare, har yanzu ma ba kowace mota ke da ita ba. Lissafi ne ya kawo ta. Aikin haro da huɗa 'yan makonni ne a shekara, sauran watannin kuwa tarakta sai jan tirela in an samu. Mai loda yana da aikin rani: lodin yashi a rafi, jar ƙasa ta ciko, tsakuwa ga masu buga bulo, kwashe shara. Sannan taki. Tun da yaƙin Rasha da Yukiren ya tayar da farashin takin zamani a 2022, aka kuma saki naira a 2023 har dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, manoman da suka daɗe da raina takin gida sun koma nemansa ido rufe. Kashin kaji daga gidajen gona, turken shanu, tsohon juji, duk sun zama kaya masu kuɗi. Abin da majiya ƙarfi za su wuni suna ɗiba da shebur da kwando, loda za ta zuba shi a tirela kafin a gama karin kumallo. Daga Maris zuwa Mayu mai loda ba ya zama.

Amma loda ba ta da kara. Duk wani sakaci da garmar baya za ta haƙura da shi shekara da shekaru, ita sai ta tona shi cikin mako guda.

Yadda abin ke aiki ba shi da wuyar ganewa. Mai ba ya matsuwa, don haka in famfo ya cusa shi cikin silinda, dole fistan ya matsa, sandar ta fito, hannu ya tashi. Direba yana sarrafa hanyar man da liba, akwai kuma bawul na kariya da ke buɗewa ya mayar da mai tanki idan matsi ya kai iyakarsa. A yawancin taraktocinmu wannan iyaka tana tsakanin kilo 170 zuwa 210 a kan kowane murabba'in santimita. Iskar tayar ƙaramar mota kilo 2 ce da ɗan ɗoriya, ka ga ninki kusan ɗari ke nan. Silinda mai faɗin santimita 7, a matsin kilo 180, tana tura nauyin da ya kusa tan 7, ko da yake tsawon hannayen loda yana cinye mafi yawan wannan ƙarfi kafin ya kai bakin bokiti. Domin a riƙe irin wannan matsi, ratar da ke tsakanin haƙoran famfo da jikinsa ba ta kai kaurin gashin kai ba. Wannan rata ita ce duk sirrin, kuma ƙwayar yashi ta fi ta girma.

Harry Ferguson, mutumin Ayilan ta Arewa da ya ƙirƙiro tsarin ɗaga garma da mai, wanda ya bazu a duniya tare da taraktar Ford ta 1939, don garma ya tsara abinsa. A motocin da suka gaji tsarinsa, ƙaramin famfo ne a cikin cikin tarakta, yana iyo a man da giya da ƙafar baya ke amfani da shi, kuma abin da yake turawa ba shi da yawa. Wannan ya ishi garmar da ake ɗagawa a ƙarshen kunya a juya. Loda kuwa silinda huɗu gare ta, tana hawa tana sauka ba hutawa daga hantsi zuwa la'asar. Shi ya sa masu ɗaura loda a nan sukan ƙara famfo na biyu a gaban inji, mai walda ya ƙera masa mazauni da tankinsa na daban. Ina jinjina wa wannan basira. Hannayen da aka ciro daga wata mota a Holan, su zauna daram a jikin motar da aka ƙera a Lahore, da awon igiya da alli, ba ƙaramin aiki ba ne. Sai dai tankin da aka walda a bakin titi yakan fito da ɓurɓushin walda a cikinsa, murfinsa kuma sau da yawa ba shi da matatar iska.

Wani ɗan kawuna, wanda nake kira Yaya, yana da irin wannan mota a wani ƙauye da ke kan hanyar Bakori zuwa Malumfashi. Wata bazara, ana tsakiyar kai taki gona, bokitin ya fara nauyin tashi, yana hawa yana tsayawa, famfon yana wani irin kuka mai kaifi. Makanikin da aka fara kira ya saurara, ya ce famfo ya tafi. Aka aika Ƙofar Ruwa a Kano aka sayo wani da kuɗin buhunan masara da dama, aka ɗaura. Bai daɗe ba shi ma ya fara irin kukan na farko. A nan ne aka ɗauko wani dattijo daga Funtua a kan babur, ɗaya daga cikin waɗanda suka koyi aikin a garejin hukuma tun yana saurayi. Ina wurin ranar. Ya sauka da 'yar jakar buhu a hannu, ya gaisa da kowa, bai ko kalli famfon ba.

"Alhaji, da sanyin safiya ta fi yi maka, ko sai ta ɗauki zafi?"

"Da safe ne, Baba. In rana ta ɗaga takan ɗan saki."

"Garmar baya fa?"

"Ita lafiyarta ƙalau."

Ya gyaɗa kai. Daga baya ya bayyana mana cewa waɗannan amsoshi biyu sun rage masa rabin aiki. Famfon da ya cinye, sai mai ya yi zafi ya tsinke yake ƙara rauni, domin siririn mai ya fi saurin zurarewa ta ratar da ta buɗe. Wanda ke wahala da safe, lokacin da mai ke da kauri, ƙishirwa ke damunsa, man ne ba ya isa gare shi. Tunda kuma garmar baya tana da famfonta daban kuma tana aiki, babu dalilin buɗe cikin tarakta.

Ya sa aka tayar da inji, ya cire tsumman da aka toshe bakin tanki da shi, aka ɗaure da leda, ya haska ciki da fitilar waya. Saman man duk kumfa. Ya tsoma tsinke ya ɗiga a yatsa, ya murza, ya ɗaga wa rana, sai ga ƙananan ƙyalƙyali na ƙarfe. Sannan ya ce wa yaron mota, "Kai, miƙo mini giris." Ya laƙato da yatsa, ya bi tiyon da ke kawo mai daga tanki zuwa famfo, yana shafawa a kowace mahaɗa, kunnensa na wajen famfon. Da ya shafe ƙarƙashin ɗaurin da ke bakin famfo, kukan ya ɗauke kamar an rufe ƙofa. Muka kalli juna. Bayan ɗan lokaci girisin ya shige ciki, kukan ya dawo.

"Ga ɓarawonka nan, Alhaji," in ji shi. Tiyon ya tsage a ƙarƙashin ƙarfen ɗaurin, inda ido ba ya kaiwa. Bai taɓa ɗigar da mai ko ɗigo ɗaya ba, domin tiyon tsotso iska yake sha, ba ya zubarwa. Da aka juye tankin aka ciro rariyar da ke ƙasansa, sai ga ta a toshe da zaren tsumma da ƙaiƙayi da laka. Famfo yana ja, rariya ta hana, sai ya koma jan iska ta tsagar. Kumfan nan kuwa in ya shiga ɓangaren matsi yana fashewa ne da ƙarfi, yana ɓantarar jikin famfo, shi ne ƙyalƙyalin da muka gani. Aka wanke tanki, aka sa sabon tiyo da sabuwar matata da sabon mai daga jarka mai hatimi, aka nemo murfi na gaske. Sai a lokacin ya buɗe jakarsa ya fito da geji naɗe cikin tsohuwar hula, ya ɗaura, ya sa aka kai bokiti ƙarshen tafiyarsa aka riƙe liba na ɗan lokaci. Allurar ta hau ta tsaya inda ya kamata. Ya ce famfon ya ji rauni amma zai yi aiki. Ya tambayi inda tsohon yake, aka ce an sayar wa 'yan gwangwan. Bai ce komai ba.

Abin da na gani ranar tsari ne, kuma tsarin bai wuce a fara da mai arha a ƙare da mai tsada ba. A tambayi direba. A duba yawan mai da launinsa: in ya yi fari-fari ruwa ya shiga, abin da ke yawan samun motocin da ke lodin yashi a rafi ko waɗanda ke kwana a waje da damina, in ya yi baƙi yana warin ƙuna, zafi ya dafa shi. A duba rariya da matata. A duba mahaɗan tiyo na gaggawa, domin guda ɗaya da bai shige sosai ba ya isa ya tsayar da loda cak, ko ya sa ta tashi ta ƙi sauka. Sai a auna. Famfo shi ne na ƙarshe da za a zarga, mu kuwa a yau shi muke fara kamawa.

Akwai ciwo na biyu da ya fi wannan yawa, shi ne bokiti ya tashi amma ya ƙi tsayawa, yana zamewa ƙasa a hankali. Da an ga haka sai a ce robar silinda ce, a kwance duka huɗun. Wani lokaci ita ce, wani lokaci kuwa bawul ɗin liba ne ya cinye yana barin mai ya koma. Akwai hanyar rabe su ba tare da asara ba: a kai silinda ƙarshen tafiyarta, a kashe inji, a tallafe hannun, a saki matsi, a cire tiyon ɓangaren da babu matsi a toshe shi, sannan a tayar a ci gaba da turawa ta ɗaya ɓangaren. In mai ya riƙa kwarara daga bakin da aka buɗe, robar fistan ta mutu. In bai fito ba, a bar silinda ta huta a koma kan bawul. Ko da robar ce, sai an shafa sandar an ji. Sandar da tsatsa ta ci ko tsakuwa ta karce za ta yanka sabuwar roba kafin sati ya zagayo.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ɗaure bawul ɗin kariya. Loda ta yi rauni, mai mota yana gaggawa, sai makaniki ya ƙara wa sifirin ɗin wasa ko ya murɗa shi, ba geji. Bokiti ya tashi, kowa ya yi murna. Ƙarfin da aka hana fita ta ƙofarsa kuwa zai nemi wata hanya, ya fasa tiyo, ko ya tsaga jikin famfo, ko ya lanƙwasa sanda. Kuma a kusa da tiyon nan akwai mutane. Yaran gareji suna bin tiyo da tafin hannu suna neman inda yake yoyo, ba su san cewa man da ke fita ta ƙaramar huda a irin wannan matsi yana iya huda fata ya shige tsoka ba. Bakin ciwon ɗan mitsitsi ne, ba ya ma jini sosai, amma in ba a kai mutum asibiti an yi masa aiki cikin sa'o'i ba, yana iya rasa yatsa ko hannu. Da guntun kwali ake neman yoyo. Haka shiga ƙarƙashin bokitin da aka ɗaga ba tare da an tokare shi da ƙarfe ba, ko zama a inuwarsa da rana, wanda na sha gani a bakin rafi. Abin da ke riƙe da wannan nauyi a sama mai ne kawai a cikin tiyo.

Shi kansa man wani babi ne. Tarakta irin tamu tana son man da aka yi domin giya da haidurolik tare, amma tsada ta sa ana zuba abin da aka samu, har da baƙin man da aka juye daga babbar mota aka tace da ƙyalle. Wani kuma ya biya kuɗin mai kyau a ba shi jabu a cikin jarka mai kyau. Ga mazurari da ake ajiyewa a ƙasa, ga bakin tiyo da ake yarwa cikin turɓaya in an cire haro, ga ƙurar hunturu da ba ta bar ko'ina ba. Babu wanda ya rubuta ranar da aka yi juye na ƙarshe, agogon awanni kuma a motoci da yawa ya daɗe da tsayawa.

Rashin tsaro ya ƙara wa abin nauyi. A sassan Faskari, Sabuwa, Ɗandume da Ƙanƙara an yi shekarun da mai tarakta ba ya yarda motarsa ta kai magariba a daji, ƙwararren makaniki ma ba ya son a kira shi can. Gyaran da ya kamata a yi a natse sai a yi shi ana waige-waige, a ɗaure da abin da ya samu don dai mota ta iso gari.

Kowace gwamnati takan zo da nata taraktocin, a jera su a fili a yanka ƙyalle, kuma ina murna da kowace guda da ta shigo jihar nan, domin har yanzu ba su ishe mu ba. Abin da nake so in gani a cikin kwangilar sayen shi ne geji da littafi da horo ga waɗanda za su riƙe motocin bayan shekara uku, kuma ba ma'aikata kaɗai ba, har da masu rumfa a bakin titi, tunda wurinsu motocin za su ƙare. Wuraren koyarwa ba su yi mana nisa ba. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da cibiyar wayar da kan manoma ta NAERLS suna nan Zariya, ga Kwalejin Fasaha ta Gwamnati a cikin Funtua, ga hukumar raya aikin gona ta jiha, KTARDA, da ma'aikatanta a shiyya. Kwas na mako biyu da rani, cikin Hausa, da tarakta a gaba da geji a hannu, zai ceci famfuna masu yawa. Lokaci ma yana ƙurewa, domin dattawan da suka san wannan tsari suna ta raguwa, sababbin motocin da ke shigowa kuma wasunsu bawul ɗinsu da lantarki yake aiki, ba ya jin sifana da guduma.

Samarin da ke garejin yanzu ba su rasa ƙwazo ba. Na ga waɗanda ke zaune a kan taya da daddare suna kallon makanikan Fakistan a YouTube suna kwance famfon 375, wasu har suna tsintar maganar saboda sabo da finafinan Indiya. Suna ɗaukar hoton abin da ya lalace su tura wa mai shago a Kano ko Fanteka ta Kaduna ta WhatsApp, kafin dare direban mota ya kawo shi tasha. A da wannan tafiyar kwana biyu ce. Abin da ke hana su auna kafin su kwance ba jahilci ba ne kaɗai, har da yadda muke biyansu. Mai mota yana biyan kuɗin abin da aka canza, wanda ya gani da idonsa. In makaniki ya yi awa biyu yana bincike ya ce ɗauri ne ya saki, ya matse shi, sai a miƙa masa kuɗin shan ruwa, a ce ai ba wani aiki ya yi ba. In ya ce famfo ne, akwai ladan kwancewa da ɗaurawa, akwai kuma ɗan abin da mai shago zai ajiye masa. Shi ma yana da iyali.

Akwai wani matashi a Funtua da ya tara kuɗi ya sayi gejinsa, ya kuma yanke cewa kuɗin dubawa daban, kuɗin gyara daban, ko da abin da ya gano na naira ɗari biyar ne. Masu motoci da dama sun yi fushi sun koma inda suka saba, suna cewa tun da suke ba su taɓa biyan kuɗin kallo ba. Yaya yana cikin waɗanda suka tsaya. Yanzu cikin Fabrairu yake kai masa motar, kafin aikin taki ya kankama, a juye mai, a wanke rariya, a auna matsi, a rubuta a wani littafin makaranta da ke ajiye a akwatin sifanu. Har yau suna musu a kan kuɗin dubawar kowace shekara, amma yana biya.